Zango, Mashigi da Hurumi: Yadda Takardar Bature Ta Raba Mai Karɓa da Mai Ɗaukar Nauyi

Wata damina, cikin watan Agusta, na tsaya a bakin Gongola ta wajen Nafada ina jiran fito. Kogin ya kawo har ya haɗiye gonakin da ke gaɓa, ruwan ya yi jajir da laka, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Mun kai mu ashirin a mashigin: matan Fulani da ƙwaryar nono a ka, wani saurayi da babur, da wani ɗan kasuwa mai buhun masara shida. Mai fiton dattijo ne, duga-dugansa duk faso. Ya dubi jirginsa, ya dubi kayan, ya ce buhu uku za su shiga, uku su jira sawu na biyu. Ɗan kasuwar ya shiga magiya, har ya ce zai ƙara kuɗi. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. In ruwa ya ci mutum a nan, ni za a tambaya, duniya da lahira."

A gefe, gindin wata bishiya, wani yaro na zaune da littafin rasit, yana karɓar wani abu a kan kowane sawu. Da muka kai tsakiyar ruwa na ce wa dattijon, "Baba, in jirgin nan ya tsage, wa ke gyarawa?" Ya ce shi. Na ce to mai rasit fa? Ya ce, "Shi aiko shi aka yi ya karɓa."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin abin da dattijon ya faɗa a taƙaice shi ne tsarin da aka kafa mana fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau muna cikinsa. Ikon karɓa da ikon yanke hukunci sun tashi sun koma ofis, nauyin hidima kuwa yana nan inda yake, a wuyan talaka. Wanda ya bi tarihin masaukin matafiya, da fiton kogi, da filayen da jama'a ke tarayya a kansu a ƙasar Bauchi da Gombe, zai ga ashe labari ɗaya ne.

Kafin zuwan Turawa, waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna, domin hanya ɗaya suke yi wa hidima. Ayarin fatake zai taso daga Kano ko Barno ya nufi Adamawa, da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi. Madugu ya san nisan da dabba mai kaya za ta iya ci a wuni, don haka ya san inda za a yada zango. Zangon yana bayan gari, kusa da rijiya ko rafi, da inuwa, da filin da dabbobi za su yi kiwo. Akwai sarkin zango mai kula da wurin, matan gari kuma su fito da fura da tuwo. Ɗan kasuwar da zai daɗe sai ya shiga gari ya sauka a gidan fatoma. Shi fatoma ba kuɗin ɗaki ne abincinsa ba. Yana ba baƙo wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi, ya ci la'adarsa. Idan kayan baƙo suka salwanta a gidansa, sunansa ya ɓaci daga nan har Kano, kuma ba wani ayari da zai sake dosar ƙofarsa.

Haka abin yake a bakin kogi. Da rani Gongola yashi ne da 'yan kududdufai, kowa ya tattare wando ya wuce. Da damina kuwa sai da masu fito, wasu da jirgin itace, wasu da manyan goruna da suke ɗora kaya a kai su tura da iyo. Sarkin ruwa yana karɓar kuɗin fito, yana kai wa sarki rabonsa, amma shi ne kuma zai shiga ruwa neman wanda ya nutse. Kalmar fito ma ta yi nisan kiwo a harshenmu: harajin da ake biya wa kayan da suka shigo daga ƙasar waje, har yau kuɗin fito muke ce masa.

Filin da zangon yake, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, da hurumin da ke kewaye da gari inda ake itace da kiwo, da maƙabarta da filin idi, duk ba na mutum ɗaya ba ne. Fiƙihun Malikiyya ya yi musu iyaka dalla-dalla: wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, sai dai in tana kusa da gari dole ya nemi izinin shugaba, don kada ya shiga haƙƙin mutanen garin. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan wannan mas'ala. Ga kuma hadisin da ya ce mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Ba na son a ɗauka ina yi wa wancan zamani kwalliya. Cikin kayan da ayari ke korawa har da bayi. Gandayen sarakuna da gumin bayi aka noma su. Mutanen duwatsun kudancin Bauchi da na Tangale da Waja sun san abin da hanyar fatake da ta mahara ta jawo musu. Falke kuma kan biya gaisuwa gari bayan gari har ribarsa ta ƙare a hanya. Abin da nake nunawa kawai shi ne mai karɓa a wancan lokaci yana kusa, ana ganin fuskarsa, kuma an san abin da ke kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A farkon 1902 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta shiga Bauchi, aka tuɓe Sarki Umaru. Ranar 27 ga Yulin 1903 aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. Tun kafin Burmi, a watan Maris na wannan shekara, Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato ya bayyana matsayinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: a ganinsa Fulani da yaƙi suka sami iko a kan ƙasa, yanzu an ci su da yaƙi, don haka ikon ya koma hannun gwamnatin Ingila, kuma duk filin da take buƙata za ta ɗauka. Dokokin 1902 sun riga sun share fagen haka. Ɗaya ta mayar da filayen da Kamfanin Neja, wato kamfanin cinikin Turawan Ingila, ya ce ya mallaka na gwamnati. Ɗayar ta ba Gwamna ikon ayyana filayen sarakunan da aka ci da yaƙi ko aka tuɓe, da filayen da ba kowa a kansu, a matsayin filayen hukuma.

A wannan magana ta "ba kowa a kansu" ne gizo yake saƙar. Baturen da ya ratsa daji a kan doki cikin watan Maris zai ga fili fetal, ba gida ba shuka. Manomi kuwa ya san wannan saura ce, gonar gidan wane da aka bari ta huta shekara huɗu ko biyar. Bafulatani ya san nan ne garkensa ke bi idan ya gangaro daga arewa bayan kaka. Mata sun san ɗorawa da kaɗanya da tsamiyar da ke ciki, da wanda ke da haƙƙin kaɗe kowace. Amfani ne da ke zuwa lokaci-lokaci, ba ya barin katanga ko turke. Takarda kuwa abin da ke tsaye take gani.

Wanda ya fi kowa hannu a mataki na gaba mutum ne da ya san Bauchi. Charles Temple shi ne Razdan na farko a lardin Bauchi, daga baya ya zama Mataimakin Gwamna mai kula da lardunan Arewa. Yana cikin kwamitin da ya zauna a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard, don duba sha'anin ƙasa a Arewa. Shi da wasu 'yan kwamitin sun tasirantu da ra'ayin wani Ba'amurke, Henry George, mai cewa darajar ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, bai kamata wasu tsiraru su mallake ta su riƙa cin haya ba. Daga aikin kwamitin aka haifi dokar ƙasa da haƙƙin 'yan ƙasa ta 1910, wadda aka sake fitarwa a 1916. Ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, ta 'yan ƙasa ce, amma tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta ya sarrafa ta don amfanin jama'a. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma ana iya soke shi idan hukuma ta ga dalili, a biya shi diyyar abin da ya gina ko ya shuka.

Gaskiya ɗaya ce, wannan doka ta yi mana wani babban amfani. Ita ta hana a yi mana irin abin da aka yi a Kenya da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, inda Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka kwashe ƙasa mai albarka suka mayar da masu ita 'yan ƙwadago. A ƙarƙashin dokar, a Arewa baƙo ba ya sayen ƙasa, sai dai a ba shi izinin zama na ƙayyadadden lokaci, kuma an yi masa iyaka: eka 1,200 don noma, eka 12,500 don kiwo. Duk wanda ya gaji gonar kakansa a Dukku ko Darazo yana da rabo a wannan kariya, ko bai taɓa jin sunan dokar ba.

Sai dai kariyar ta zo da tsada. An ce ƙasa amana ce a hannun Gwamna, amma ba a ajiye wanda zai tuhumi mai riƙon amanar ba. Dagaci da hakimi, waɗanda a da jama'a ke iya yi wa bore ko su tashi su bar musu gari, sun zama ma'aikatan En'e masu albashi daga Baitulmali, idonsu na kan Di'o. Shi ya sa a Hausa ba mu taɓa kiran irin wannan fili "filin jama'a" ba. "Filin gwamnati" muke cewa, "dajin gwamnati", kuma harshe bai yi ƙarya ba. Da aka zo keɓe gandun daji ƙarƙashin dokokin daji na 1916 da 1937, mutumin da ubansa ke saran itace a wurin ya wayi gari yana gudun malamin daji. Yankari, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, abin alfahari ne gare mu, kuma ba don keɓewar ba da wuya a ce akwai sauran giwa a ƙasar Bauchi. Amma manomin da ke maƙwabtaka da dajin, wanda giwaye suka tattake wa dawa dare ɗaya, shi ke biyan kuɗin wannan alfahari daga rumbunsa.

A kan masauki kuwa, abin da na fi sani daga bakin kakana na wajen uwa na ji shi, Allah ya jiƙansa. Mulkin Turawa mulkin rangadi ne. Di'o yakan fita makonni yana zaga gundumomi, yana duba kuɗin haraji da jangali, yana sauraron ƙara. Don haka aka sa a gina masa bariki a manyan ƙauyukan da ke kan hanya, a bayan gari, a kan tudu inda iska ke kaɗawa. Kakana ya ce kwana uku kafin isowarsa dogari zai iso da saƙo. Magidanta su fita yankan ciyawa a sabunta jinka, samari su share hanya, mata su cika randuna, a tara itace da ƙwai da kaji da harawar doki. Ranar tashi kuma a ɗebi 'yan dako su kai akwatuna da gadon Bature da bahon wankansa zuwa bariki na gaba. Shi kansa ya taɓa ɗaukar akwati yana saurayi, ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai ba nauyin ba ne, lokacin ne: gero ya isa yanka, tsuntsaye na ci, shi yana kan hanya. A ƙa'idar Turawa dole a biya kuɗin duk abin da aka karɓa, kuma wasu Turawan sun biya. Amma kuɗin sai ya bi ta hannun kuku da masinja da dagaci kafin ya iso ga matar da ta ba da ƙwanta, in ya iso.

Wannan ɗaki da gari ya gina, ya rufa, ya share, ba mai kwana a cikinsa sai ma'aikacin hukuma. Idan Bature ya tafi a rufe, sai jemagu. Matafiyi talaka yana nan inda ya saba, zauren mai unguwa ko rumfar masallaci, kuma har yau a ƙauyukanmu ba a barin baƙo ya kwana da yunwa. A birane ma an ja layi: dokar garuruwa ta 1917 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun ware unguwar Turawa daban, da tazarar yadi 440 da ba a gini tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa. Ba banza ba kalmar bariki ta sauya ma'ana a bakinmu. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, ana nufin ya fita daga idon dangi da na gari, yana zaune inda ba mai kwaɓarsa.

Fatake su ma sun ɗanɗana. Lugga ya hana sarakuna karɓar kuɗin hanya, ya sa nasa: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da ayari ya ratsa, har zuwa kashi 15. Hujjarsa ita ce gwamnati ta kawar da 'yan fashi ta kuma gyara hanyoyi, kuma lallai hanya ta fi aminci. Ya kuma sa lasin a kan jiragen fito na manyan koguna. Kuɗin ayarin bai daɗe ba, an soke shi a 1907, bayan koke-koken cewa yana kashe ciniki. Amma abin da ya koya wa hukuma bai tafi ba, wato hanya da mashigi wurare ne na tara kuɗin shiga. Da Baitulmalin En'e ya kafu, kuɗaɗen da a da ke tsayawa a hannun masu hidimar wurin suka zama layi a cikin kasafi, a rubuta a kai hedikwata, abin da zai dawo kuma sai yadda aka ga dama. Kakana ya ce a mashiginsu soja da ɗan doka da mai ɗauke da wasiƙar gwamnati ba sa biyan ko anini, kuma su ake fara ƙetarwa.

Tarihin Nafada kansa darasi ne a kan yadda alƙalami daga nesa ke raya gari ya kuma kwantar da shi. Buba Yero, sarkin Gombe na farko, ya kafa masarautarsa a Gombe Abba, a bakin Gongola. A shekarun farko na mulkinsu Turawa sun ga cewa idan kogin ya cika ana iya hawo da kaya daga Binuwai ta Numan har Nafada, daga nan a ɗora wa dabbobi da 'yan dako zuwa Barno. Garin ya zama matattara, har aka mayar da hedikwatar masarauta can a 1913. Shekara shida kacal, a 1919, aka sake ɗauke ta zuwa Doma, wato Gomben yau. Jirgin ƙasa ya riga ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ga motoci sun fara shigowa, sai hanyar ruwa ta zama tarihi. Masu fito da fatomomi da matan da ke dafa wa matafiya abinci ba wanda ya tambaye su. Layin dogo da aka raɗa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos a 1914, bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Sai a farkon shekarun 1960 jirgi ya ratso Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Tasha ta gaji zango, 'yan kamasho suka gaji sarkin zango. Fatoma ne kawai ya yi saura, a kasuwannin shanu, domin har yanzu ba takardar da ta iya maye gurbin mutumin da zai ce "na tsaya masa."

Abin da ya fi damuna shi ne mun sami dama sau biyu mu gyara, muka ƙara ɗaure igiyar. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗauko ta 1916 kusan yadda take, ta cire Gwamna Bature ta sa minista. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta sai da gyaran tsarin mulkin. Har alƙalumanta na gado ne: hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, iyakar abin da ƙaramar hukuma za ta iya bayarwa ba da yardar gwamna ba, kusan su ne eka 1,200 da 12,500 na Bature da aka juya zuwa sabon ma'auni. Diyya har yau ta amfanin gona ce da gini, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. An yi dokar keɓe makiyaya a 1965, akwai irin su Wawa-Zange a jihar Gombe, amma burtalin da zai kai garke can shi ne ba shi da mai tsaron sa, kuma yawancin rigimar manomi da makiyayi da ke kai mu gaban alƙali kowace kaka daga toshewar burtali take farawa. Ruwa kuma yana da hukumar tarayya tun 1997, hedikwatarta a Lakwaja. Mai fiton da na hau jirginsa ba shi da rigar ruwa ko ɗaya.

Ba cewa nake a mayar wa hakimai ƙasa su yi yadda suka so ba, domin mun ga hakiman da suka yanka hurumi suka sayar. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne a rubuta haƙƙin tarayya kamar yadda ake rubuta na mutum ɗaya. Burtali da mashaya da hurumi da filin zango su sami takarda da sunan garin, a kafa musu turaku, a hana soke su sai an tara mutanen garin an ji ta bakinsu. Kuɗin da aka karɓa a mashigi kuma a ga wani kaso nasa a mashigin, ko da katako ne da ƙusa da rigunan ruwa goma.

Ranin da ya wuce na je garin kakannina ta'aziyya, na ce bari in leƙa tsohon zangon da kakana ke ba mu labari. Tsamiyoyin suna nan guda huɗu, rijiyar ma tana nan, bakinta duk zanen igiyar guga. Amma filin an jera masa turakun siminti masu lamba da jan fenti, tun daga bakin titi har bayan rijiyar. Na sami mai unguwa a zaurensa, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wa aka ba zango?" Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ɗana, ni ma da safe na tashi na gan su." Muna cikin maganar sai ga wani yaro makiyayi da shanu kamar talatin. Ya tsaya daga nesa ya dubi turakun, ya dubi rijiyar, sannan ya kaɗa garkensa ya hau da su kan kwalta.